Tashe da Kamanci a Gaban 'Yan Kallon Yau: Matsalar Kwaikwayon Ƙabilu

Gabatarwa

A 'yan shekarun baya an gayyace ni wata makarantar sakandare a ƙasar Gwaram domin in zama ɗaya daga cikin alƙalan gasar wasannin gargajiya, wadda ƙungiyar Hausa ta makarantar ta shirya. Ɗalibai sun yi ƙoƙari ƙwarai. Wani rukuni daga cikinsu ya zaɓi wasannin tashe, suka yi Tsoho da Gemu, suka yi Jatau Mai Magani, sa'an nan suka rufe da Macukule. Da yaron da ya fito a matsayin Bagwari ya shigo cikin tsummoki yana karya harshe, sai zauren ya ruɗe da dariya, har da mu alƙalai, kuma su muka bai wa na ɗaya. Bayan an tashi ne wani matashi ɗan bautar ƙasa mai koyar da lissafi, wanda ke zaune kusa da ni tun farko, ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce shi mutumin ƙasar Minna ne, Bagwari gaba da baya. Sa'an nan ya ce, "Malam, waɗannan yaran da suka yi dariya, su ne zan shiga in koyar gobe da safe." Bai ƙara kome a kan wannan ba, ni kuwa na rasa abin da zan ce masa.

Wannan magana ita ce mafarin wannan maƙala. A yau sha'awar farfaɗo da tsofaffin wasanninmu na ban dariya masu haɗe da kiɗa da waƙa tana ƙaruwa, a makarantu da gidajen talabijin da bukukuwan Ranar Hausa ta Duniya, wadda ake yi ran 26 ga Agusta tun daga 2015. Wannan abin farin ciki ne. To, amma a cikin waɗannan wasanni akwai waɗanda aka gina a kan kwaikwayon wasu ƙabilu ta fuskar raini. Za a yi ƙoƙari a nan a bi tarihin wannan kwaikwayo, a duba shi daga ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, sa'an nan a nuna cewa dariyar da ke cikin wasannin iri biyu ce, kuma wajibi ne mai farfaɗo da su ya iya rarrabe ɗaya daga ɗaya.

Wasannin da Ake Magana a Kansu

Tashe wasa ne na watan azumi, wanda akan fara idan wata ya kwana goma. Yara da samari, maza daban mata daban, sukan bi gida gida bayan an sha ruwa, suna kwaikwayo da waƙa da amshi, masu gida kuma su ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Sunan ya samo asali daga tashi, watau tashin mutane domin sahur. Kusan kowane tashe ƙaramin wasan kwaikwayo ne cikakke: akwai shiga, akwai ɗan wasa da 'yan amshi, akwai kuma halin da ake son a fito da shi fili. A Tsoho da Gemu ana nuna tsufa da rauninsa. A Mairama da Daudu 'yan mata suna kwaikwayon zaman aure. A tashen gwauro, wanda a birnin Kano Nalako ke jagoranta, ana tsokanar namijin da ya zauna ba mata. Akwai ma wanda ake sa wa yaro rawani da allo a ce malam ne, a tuhume shi da yin rawa, shi kuwa yana musu yana taka ta. M. B. Umar ya tattara da yawa daga cikin waɗannan a littafinsa Wasannin Tashe, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a farkon shekarun 1980.

'Yan kama kuwa sana'a ce ta manya, a kasuwanni da wuraren biki. Gwanintarsu ita ce ɗaukar abu mai nauyi su mai da shi abin dariya. Sukan yi shigar malamai su yi ta jan baƙi da fassara, alhali duk zancen tuwo ne da miya, sukan kuma ɗauki waƙar wani babban makaɗi su zuba mata kalmomin abinci a kan karinta na asali. C. G. B. Gidley ya yi nazarin wannan sana'a a wata maƙala da ya buga a London a 1967. Kusa da su akwai 'yan gambara, waɗanda bakinsu ya fi kaifi, zambonsu kuma ya fi batsa.

A cikin wannan taska duka akwai wani zare da ya ratsa, watau kwaikwayon baƙo. Ana kwaikwayon Bafillace da sandarsa da rashin sanin gari, da Bamaguje, da Banufe, da Bayarabe, da Buzu. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne Bagwari. A Macukule ana sa masa tsumma, a ɓata masa jiki, a sa shi ya yi Hausa a karye, a kuma jingina masa ƙazanta da rashin wayewa. Harshen kansa ya riƙe wannan hoto, domin har yau idan mutum ya kasa fitar da magana sai a ce yana gwaranci, idan kuma aka yi wa mutum bayani yadda ko marar fahimta zai gane sai a ce an yi masa gwari-gwari.

Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Dalilin da ya sa aka zaɓi wannan yanki shi ne, ƙasa ce ta bakin iyaka tun fil azal. A duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zane-zanen shanu da aka gano a shekarun 1950, wasu daga cikinsu marasa tozo, waɗanda ba irin shanun da ake kiwo a wurin a yau ba ne. Akwai kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa idan an buga, waɗanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a 1956. Wannan ya isa ya nuna cewa al'ummu sun yi ta maye gurbin juna, suna kuma cuɗanya a nan, tun kafin a san wane ne Bahaushe. A yau ma Hausawa da Fulani ne suka fi yawa, amma Warjawa suna zaune a kudancin yankin da kuma ƙetaren iyaka a Jihar Bauci, kuma duk wanda ya ci kasuwar Sara ko ta Babaldu ya san ba harshe ɗaya ake ji a cikinsu ba.

A ƙarni na goma sha tara wannan iyaka ta wuta ce. Wajen 1846 wasu malamai daga Tsakuwa ta ƙasar Kano, a ƙarƙashin Malam Hamza, suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi. A can suka haɗa kai da mutanen dutse, Butawa da Warjawa da Pa'awa da sauransu, suka kafa daular da ta gagari Kano da Bauci da Zazzau har zuwan Turawa a 1902. Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wanda ya hau gado a 1855, ya sha fita yaƙi da Ningawa. Garuruwan kudu maso gabashin Kano, ciki har da Birnin Kudu da Gwaram, su ne a bakin daga. Ningawa suna kawo hari su kama mutane, Kanawa su ma suna kai hari su kamo bayi. Ke nan a wannan yanki kalmar arne tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda: wanda ake tsoro, da wanda shari'ar zamanin ta halatta a bautar. Abin lura kuma shi ne, shugabannin waɗanda ake kira arnan nan malamai ne Hausawa daga ƙasar Kano.

Haka labarin yake a ƙasar Gwari, sai dai can ya fi muni. A labarin Bayajida an sa Gwari cikin Banza Bakwai. A rabin ƙarshe na ƙarni na goma sha tara Umaru Nagwamatse, wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim sun yi wa ƙauyukan Gwarawa ɓarna mai yawa da harin bayi, haka nan ma sarakunan Zazzau. Saboda haka Bagwarin da mutumin Kano ko na Katsina ya fara sani, sau da yawa bawa ne da aka kawo kwanan nan, wanda bai iya Hausa ba, ba shi da sutura, ba shi da dangi a kusa. A ganina wannan mutum ne Macukule yake kwaikwaya. Tsumman nan da karyayyen harshen nan kamannin wanda aka raba da gidansu ne. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan 1 ga Afrilu na wannan shekara, a 1936 kuma aka soke bauta baki ɗaya a Jihar Arewa, amma hoton ya ci gaba da yawo a bakin yara.

Mai karatu zai lura cewa tsakanin Gwaram da ƙasar Gwari, watau Neja da kudancin Kaduna da Abuja, tafiya ce mai nisa. Yawancin yaran da suka yi wasan nan a gabana ba su taɓa zama da Bagwari ba kafin a turo musu malamin lissafi. Hoton ya riga mutumin isowa da shekaru fiye da ɗari. Bugu da ƙari, ɗan Warjawa da ke zaune a cikin zauren ba ya bukatar a gaya masa cewa Bagwarin wasan yana wakiltar duk wani mutumin dutse ne.

Dariya Iri Biyu

Idan aka tayar da wannan magana, amsar da aka fi bayarwa ita ce, ai wasa ne, Bahaushe ya gaji barkwanci. Wannan gaskiya ne, kuma barkwanci yana cikin kyawawan abubuwan da muka gada. Akwai shi tsakanin taubasai, watau 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji, da tsakanin jika da kaka. Akwai shi tsakanin garuruwa da ƙabilu: Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa, Katsinawa da Nufawa, Fulani da Tibi. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki al'adar da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye a 2014.

To, amma barkwanci yana da sharuɗɗa, ko da yake ba a rubuce suke ba. Na farko, ɓangarorin biyu sun san da dangantakar, sun kuma yarda da ita. Na biyu, akwai ramuwa. Idan Babarbare ya ce Bafillace bawansa ne, Bafillace zai mayar masa nan take, ya ƙara da tasa, a rabu ana dariya ba wanda ya ci wani. Na uku, akwai hakki a ƙarƙashin wasan. Abokin wasa ba ya ganin abokin wasansa cikin wahala ya wuce, ga kuma kuɗin shara da taubasai suke karɓa a watan cika-ciki, wanda ke sabunta zumuncin kowace shekara. Saboda waɗannan sharuɗɗa ne zagin abokin wasa ba ya zafi.

Idan muka auna Macukule da wannan ma'auni za mu ga bai cika ko ɗaya ba. Ba a nemi yardar Bagwari ba, ba a bar masa bakin ramawa a cikin wasan ba, ba kuwa wani hakki nasa da ya hau kan 'yan amshi. Ana yi da shi ne a bayan idonsa. Wannan a Hausa sunansa gori, ko kuwa ba'a, kuma Bahaushe bai taɓa rikita su da barkwanci ba idan shi aka yi wa.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata a lura da shi a cikin tashen kansa. Tsoho da gwauro da malam matsayi ne da kowa yake iya shiga. Yaron da ya liƙa gemun auduga yana kwaikwayon abin da shi ma zai zama ne in Allah ya ja kwana. Gwauro yana iya yin aure bayan salla ya huta da Nalako, har ma manufar wasan ke nan. Amma wanda aka yi wa dariya saboda ƙabilarsa ba shi da abin da zai gyara, domin ba wani laifi aka nuna masa ba illa haihuwarsa. Tashe na farko yana gyaran hali. Na biyun kuwa yana koya wa yaro tun yana ɗan shekara bakwai wanda zai raina.

Ba dukkan kwaikwayon ƙabila ne ya faɗa kashi na biyu ba. Bafillacen wasa, alal misali, ana nuna shi bai san gari ba, amma sau da yawa shi ke yin galaba da wayonsa a ƙarshe. Kuma a ƙasa kamar Birnin Kudu da Gwaram, inda Fulani suke da yawa suna kuma riƙe da sarauta tun bayan jihadi, mai kwaikwayon Bafillace yana tsokanar wanda yake iya ramawa ne, wani lokaci ma kakansa yake tsokana. Shi kuwa Jatau Mai Magani, ko da yake sunansa da sana'arsa suna tuna wa mutum Maguzawa, abin da wasan ya fito da shi shi ne saninsa na itatuwa da saiwoyi. Saboda haka kowane wasa sai an dube shi shi kaɗai.

Daga Dandali Zuwa Akwatin Talabijin

Da rediyo da talabijin suka zo, wannan kwaikwayo ya bi su. Misali mai amfani shi ne Samanja Mazan Fama, wanda Usman Baba Pategi ya shahara da shi a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna tun shekarun 1970. Rabin daɗin wasan yana cikin Hausar bariki da Samanja yake yi, mai gauraye da Turanci, wadda ba ta kula da namiji ko mace ba. Ga alama wannan ma karya harshe ne. Amma Pategi, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne, tsohon soja ne kuma, watau daga cikin gida yake kwaikwayon. Daɗin daɗawa Samanja shi ne mai iko a dandalin, shi ke ba da oda, 'yan kallo kuma suna ƙaunarsa. Ana dariya tare da shi.

A zamanin finafinan bidiyo, daga shekarun 1990, Rabilu Musa Ibro, mutumin ƙasar Wudil a kan hanyar Kano zuwa Birnin Kudu, ya ɗauko dabarar 'yan kama ɗungurungum, watau juya waƙar wani zuwa abin dariya, ya kai ta inda ba ta taɓa zuwa ba kafin rasuwarsa a 2014. A zamaninsa da bayansa aka sami 'yan wasan da suka ƙware a fitowa a matsayin Bagwari ko Bayarabe ko Inyamiri. A nan ne matsalar ta sake kama. Tashen da yara goma suka yi a ƙofar gida yana ƙarewa a daren. Wanda aka ɗauka a waya aka ɗora a YouTube ko TikTok kuwa yana nan, kuma wanda aka kwaikwaya yana cikin masu kallo. Gwarawa, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi ko Gbari, su ne aka tayar daga ƙauyukansu da yawa bayan dokar 1976 da ta kafa sabon babban birnin tarayya. 'Yarsu Ladi Kwali, maginiyar tukwane da ta rasu a 1984, ita ce hotonta yake bayan takardar naira ashirin da ake bai wa 'yan tashe.

Bahaushe ma ya ɗanɗani irin wannan. A finafinan kudancin Nijeriya an daɗe ana fito da shi a matsayin maigadi marar wayo, mai karyayyen Turanci, wanda ba shi da suna sai aboki. Duk wanda ya ji zafin wannan ya riga ya san abin da malamin lissafin nan ya ji.

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi

Ba mu ne farkon waɗanda suka gamu da wannan matsala ba. A Amurka, wajen 1830, wani Bature mai suna Thomas Rice ya fara shafa baƙi a fuska yana rawa da waƙa a matsayin bawa baƙar fata mai suna Jim Crow. Irin wannan wasa ya zama babban abin nishaɗin ƙasar na shekaru masu yawa, har sunan Jim Crow ya koma sunan dokokin wariyar launin fata da ba a soke ba sai a 1964 da 1965. A Ingila gidan talabijin na BBC ya yi ta nuna shiri irin wannan daga 1958 har 1978. Manyan wasannin kwaikwayo masu waƙa na rabin farko na ƙarni na ashirin sun gaji wannan hoto, kuma da aka zo farfaɗo da su sai aka bi hanyoyi dabam dabam.

Wasu an binne su. Kamfanin Disney ya daina fitar da fim ɗinsa Song of the South na 1946. Wasu an bar su yadda suke aka haɗa su da bayani, kamar fim ɗin Gone with the Wind na 1939, wanda aka janye na ɗan lokaci a 2020, sa'an nan aka mayar da shi tare da gabatarwa daga wata malamar jami'a baƙar fata. Wasu an yi musu gyara. Show Boat na 1927 an yi ta sauya kalmar raini da ke farkon waƙarsa ta buɗewa daga wannan farfaɗowa zuwa waccan, duk da haka baƙaƙen fata sun yi zanga-zanga a kansa a Toronto a 1993. Annie Get Your Gun na 1946, da aka sake shi a 1999, an cire masa waƙa guda da ke yi wa 'yan asalin Amurka ba'a. Flower Drum Song na 1958, wanda Turawa suka rubuta a kan Sinawa mazauna Amurka, an miƙa shi ga David Henry Hwang, ɗan asalin Sin, ya sake rubuta labarin a 2002, ya bar waƙoƙin. Shuffle Along kuwa, na 1921, da aka dawo da shi a 2016, sai aka mai da tarihin yadda aka shirya shi ya zama shi ne wasan.

Ba a kawo waɗannan misalai don a ce tarihinsu da namu ɗaya ba ne. Bautar Amurka ta tsaya a kan launin fata, ta gina katangar da ba a tsallakewa. A ƙasar Hausa kuwa jikan bawa yakan zama Bahaushe, har ya riƙe sarauta, kuma da yawa daga cikin masu dariya a zauren nan, in an bi salsala, za a tarar da kaka Bawarjiya ko Bagwariya. Abin da za mu ɗauka daga gare su shi ne cewa tsakanin binnewa da maimaitawa akwai hanyoyi da dama.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko ya kamata a raba aikin adana da aikin nunawa. Aikin mai nazari shi ne ya ɗauki wasa yadda ya same shi, ba ƙari ba ragi, ya rubuta gari da shekara da wanda ya ji daga bakinsa, ya ajiye a inda ake ajiya, kamar Gidan Arewa a Kaduna ko cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero. Macukule shaida ce ta tarihi. Idan aka goge ta ko aka wanke ta a cikin littattafai, an yi wa Gwarawa zalunci na biyu, domin an share alamar abin da aka yi musu. A aji ma ya kamata a karantar da shi, amma tare da labarin Nagwamatse da na Ningi, domin ɗalibi ya san inda tsumman ya fito. Wannan aiki yana da gaggawa, domin tashe yana ja da baya a birane. A Kano, alal misali, 'yan sanda sun hana shi a azumin 2024 saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi.

Dandali kuwa hukuncinsa daban ne, domin abin da aka yi a dandali yau aka yi shi, ga mutanen yau. A nan mai shirya wasa ya yi wa kansa tambaya guda: wanda ake kwaikwaya yana da bakin ramawa? Idan yana da shi, kamar Bafillace da Babarbare, a bar wasan da yajinsa. Idan ba shi da shi, akwai mafita biyu. Ana iya ba shi bakin, a ƙara baitocin da zai mayar wa 'yan amshi, ya tona nasu asirin, watau a mai da gori ya koma barkwanci. Wannan ba zai yi kyau ba sai an sa masu abin a cikin rubutawa da fitowa, kamar yadda aka yi da Hwang. Ko kuwa a cire aibin daga kan ƙabila a ɗora shi a kan hali. Kiɗan Macukule da rawarsa da amshinsa ba su da laifi. Ƙazami yana nan a kowace unguwa, kuma tashe a kan ƙazami zai yi aikin da tashen gwauro yake yi.

Za a ce wannan ɓata al'ada ne. Amsa ita ce tashe bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Na Kano ya bambanta da na Katsina, na bana ya bambanta da na bara, yara suna cusa sababbin abubuwa kowace shekara ba tare da neman izinin kowa ba. 'Yan kama kuwa abincinsu ke nan, sauya kalmomin waƙar da suka tarar. Wanda ya gyara baiti domin ya dace da 'yan kallonsa yana kan turbar magabata. Za a kuma ce ra'ayin Turawa ne aka aro. Amma aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, aya ta 13 kuma ta bayyana cewa an yi mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. Tashe wasan watan azumi ne, bai kamata a ce a cikin wannan wata ne muke koya wa yara saɓanin haka ba.

Kammalawa

An yi ƙoƙari a wannan maƙala a nuna cewa kwaikwayon ƙabilu a wasanninmu na ban dariya yana da tushe biyu: zumuncin barkwanci, da kuma zamanin hari da bauta, wanda ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta gani da idonta. An kuma ba da shawarar a adana duka, amma a dandali a riƙa auna kowane wasa da ma'aunin ramuwa. Saura aiki ga ɗalibanmu masu neman abin rubuta kundi. Har yanzu akwai dattawa a Sara da Basirka da Sundimina da Babaldu waɗanda suka yi tashe suna yara a shekarun 1950 da 1960, ya kamata a je a ɗauko daga bakinsu tun suna raye. Idan an je kuma, kada a tsaya ga Hausawa da Fulani kaɗai. A shiga ƙauyukan Warjawa, a je ƙasar Gbagyi, a tattaro irin barkwanci da waƙoƙin da su ma suke yi a kan Bahaushe da halayensa. Ran da aka jera nasu da namu a dandali ɗaya, malamin lissafin nan zai iya zama a layin gaba ya yi dariya tare da ɗalibansa.